Gaɓar Inna

Litinin, bayan la'asar

Wannan kaye, littafin rubutuna, na lissafi ne. Mushe, malaminmu, ya ce mu yi bita a cikinsa lokacin bakans, babban hutu. Na juya shi ta baya. Idan an koma lekol, makarantarmu, ya duba gaba, baya tawa ce.

Jiya an yi ruwa tun hantsi har azahar. Ƙoramar bayan unguwarmu ta kawo, ja wur, ɗauke da karan gero da takalmin wani. Da ta janye maza suka je dubawa suka dawo. Sai a bakin famfo na ji daga ƙawata Bara'atu, ita ma daga yayanta ta ji: gaɓar da ke bayan maƙabarta ta sake zubewa. Shingen ƙaya ya tafi. Saura layin kaburburan tsofaffi, daga shi sai aduwa.

Inna, mahaifiyata, tana kwance a gindin aduwar.

Haka aka gaya min. Ban taɓa gani ba, mata ba sa shiga. Idan na taka turmi na leƙa ta kan katanga, kan bishiyar kaɗai nake hangowa. Tun bara nake gaida Inna daga nan.

Unguwarmu ita ce jelar komin ɗin Gaya, wato ƙaramar hukumarmu. Daga tsakiyar yashin ƙorama zuwa can, ƙasar komin ɗin Tanda ce, garin su Inna. Ruwan daga tuddan wajen Bana yake gangarowa, yashin da ya kwasa kuma an ce har fadamun shinkafar Tunuga yake bunnewa. Kaka ta ce, "Ruwa ɗaya, magajin gari huɗu. Ko amarya ba ta da waliyyai haka." Tun rani ake cewa su huɗun suna zama don su haɗa hannu a ɗaure gaɓar da dutse.

Talata, da hantsi

Baffa Zakariya'u ya shigo gaida Kaka. Shi ne yayan Baba, shi ne kuma wakilin mai unguwa, duk maganar meri, ofishin magajin gari, ta kansa take biyowa saboda ya yi lekol har ya iya nasaranci, wato Faransanci. Ya zauna kan kujerar Baba, ya ɗora talho, wayarsa ta hannu, a gwiwa kamar wani jariri.

"An kira ni," ya ce. "Sakataren taron magadan gari da kansa. Rezo ba kyau, layi na yankewa, kabu-kabu na ta wucewa, amma na ji kalmar sarai kafin talho ya mutu. Ya ce atant."

Kaka ta ce, "Mi ke nan kuma?"

"Jira ke nan, Iya. A jira. Kada kowa ya taɓa gaɓar sai an ba da izini, rabinta ba ƙasarmu ba ce."

"To ka gaya wa ruwan? Ko shi ma ya iya nasaranci?"

Baffa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Baba yana zaure a kan keken ɗinkinsa, na ji keken ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Ina bakin murhu, na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Baffa, a kawo ruwa?"

Laraba, da almuru

Hadari a gabas. Ya watse. Alhamdu lillahi.

Alhamis, bayan azahar

Bara'atu ta kawo min sabon littafi daga wajen mai haya, cikin waɗanda ake kawowa daga Kamba. Bangon ya yage, an liƙe shi da ƙaro. Yarinyar ciki marainiya ce, kullum tana bakin taga tana hawaye masu ɗumi, sai ga wani ya tsaya da baƙar mota, ya sauke gilashi a hankali. Na san ƙarshensa tun shafin farko, amma na karanta har tuwo ya kama.

Da ina son irin wannan. Ina kwanciya in ƙera nawa: dogo, mai farin yadi, mai ƙamshi, ba ya ɗaga murya. Yau na ƙera shi, na kai shi bakin ƙorama, na ce to bismilla. Ya tsaya yana duban takalminsa.

Baba yana fita kullum bayan asuba. Ya ce masallaci. Masallacinmu daɓen siminti ne. Ni nake wanke wandonsa, jan laka har gwiwa. Ban tambaye shi ba, bai gaya min ba. Tun bara haka muke, ni da shi: ga abinci, sannu, an gode.

Asabar, bayan la'asar

An yi ruwa.

Asabar, da magariba

Layin tsofaffi ya tafi. Ba duka ba, amma ya tafi. Maza sun fita da buhunan wofi da farin ƙyalle, sun bi ƙorama har can ƙasa suna tsintar abin da za su tsinta. Liman ya yi gaba. Ba zan rubuta abin da Bara'atu ta ce an gani ba.

Kakan Kaka yana cikin layin nan. Kaka ta zauna a kan tabarma tana jan carbi da sauri kamar mai faɗa da shi. Can ta ce, "Shi dai ya sha kwanansa. Ɗiyar mutane fa, ko shekara ba ta rufa ba." Ba ta kama suna ba. A gidan nan ba a kama suna.

An ce saiwoyin aduwa sun fito ta gefen gaɓa, suna reto.

Baffa ya tsaya a ƙofar masallaci ya sake cewa a yi haƙuri, manya suna sane, atant.

Lahadi, da hantsi

Na tsani kalmar nan. Da nasaranci na tsane ta, da Hausa na fi tsanarta.

Ƙoramar kafin ta bi bayan maƙabarta sai ta lanƙwaso ta yanke hanyar cikin gari. Bara war haka ta cika, Inna kuma tana naƙuda. Motar da za ta kai ta likita tana wancan gefe, muna wannan gefe, muna ganin direban yana ganinmu. Wani ya ce a jira ruwa ya janye. Wani ya ce e, a jira, ba ya daɗewa. Ni ce nake riƙe da kwandon zannuwa da ƙaramar hular da aka saƙa.

Ruwan ya janye, gaskiyarsu. Bai daɗe ba.

Hular tana ƙasan akwatina. Shi ke nan, ba zan ƙara ba.

Litinin, bayan azahar

Na mayar wa Bara'atu littafin. Ta ce, "Har kin gama? Ya aure ta?" Na ce ya aure ta. Ta ce, "To mi ya sa kike fushi?" Na ce yarinyar ce ta ba ni haushi, littafi guda tana bakin taga, ƙofa kuwa a buɗe.

Talata, bayan la'asar

Bari in rubuta a jere.

Yau kasuwa. Seyni ya biyo da amalanken shanunsa kamar kullum. Ɗan Kawu ne, wan Inna, daga Tanda, taubashina. Tun ina ƙarama yake kirana matarsa don ya ga na ɓuya. Ba dogo ba ne, ba ya ƙamshi, warin shanu yake, muryarsa kuwa har bayan gari. Ya kwaɗa gaisuwarsu ta Dandanci.

"Fofo, mutanen birni! Ina matata mai karatun ƙarya? Basira, fito ki ba bawanki ruwa!"

Na miƙa masa kwanon ina kallon ƙasa. Ya sha, ya goge baki, ya dubi Kaka.

"Iya, ashe haka kuke? Ku 'yan Gaya sai dai shadda da shan shayi? Mu ƙauyawa mun kwashi dutse har wuyan shanuna ya saɓule, ku ko leƙowa."

Kaka ta ce, "Wane dutse, ɗan nema?"

Ya ɗauka wasa take. Da ya ga fuskokinmu sai ya ajiye kwanon. Ya ce ai magadan gari sun sa hannu tuni. Kamiyon Bana, babbar motarsu ta kaya, ya yi ta zubo dutse a mashigar hanyar Tanda, sama da mu, don nan ne iyakar inda zai iya shiga ba tare da ya kafe ba. Su 'yan Tanda suka sauko da shi da amalanke har bakin yashi. Merin Gaya ta aiko ragar waya, tana nan a naɗe. Tunuga ta turo maginanta, masu ɗaure bakin kogi, suna kwana a wata rumfa suna cin wake. Abin da ya rage hannuwa ne, masu ɗauka daga tulin zuwa gaɓa, kuma an ce wannan na mutanen unguwa ne tunda nasu ne ke kwance a wurin.

"Kullum sai su ce yau 'yan unguwa za su fito. Har an fara cewa ko ba ku so."

Kaka ta ce, "An ce muna atant."

"Antant dai! Antant ɗin ce ai ta kawo dutsen!"

Sai da ya faɗa da bakinsa na ji. Na san su duka biyu, mun yi su a lekol, Mushe har ya toshe hancinsa yana nuna mana. Atant, jira. Antant, yarjejeniya, an shirya, an haɗa kai. Bambancinsu ɗan iska ne da ke bi ta hanci.

Seyni ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. "Wayyo Allah! Sakataren! Ai mura gare shi tun farkon damina, hancinsa a toshe kamar bututun da zanzaro ya gina!"

Ni ban yi dariya ba. Na tuna buhunan ranar Asabar.

Talata, bayan magariba

Kaka ta aika aka kira Baffa. Ya saurara yana kaɗa ƙafa. Ya ce shi aka kira, ba yaron shanu ba. Ya ce ya yi shekaru yana fassara a bakin gadar iyaka tun ba a haifi Seyni ba, ba a taɓa cewa ya ji ba daidai ba. Kaka ta ce to ya kira sakataren mana. Ya ce ba a kiran babban mutum a ce masa maimaita, raini ne. Zai sa riga ya je meri da kansa ranar Litinin, a yi abu bisa tsari.

Litinin.

Baba yana tsaye a bakin zaure. Na dube shi. Tun bara ban dube shi ido cikin ido ba sai yau. Ya ce, "Yaya ya fi mu sani." Ya koma ciki.

Haka ya ce bara ma.

Laraba, da hantsi

Ban dafa koko ba. Wanda ke jin yunwa ya jira.

Laraba, bayan azahar

Na dafa. Kaka ce ba ta da laifi.

Tana sha tana kallona ta gefen ludayi. Ta ce, "Ke, wannan fuskar ta uwarki ce. Ran da aka kawo ta gidan nan ba ta jin Hausa sai Dandanci, amma in ta yi wannan fuskar kowa ya gane." Ban taɓa jin ta yi maganar Inna da tsawo haka ba. Na ce, "Kaka, in mace ta taka ƙorama laifi ne?" Ta ce, "Wa ke ɗebo yashin daɓe in ba mata ba?" Na ce, "Ko ta bayan maƙabarta?" Ta ajiye ludayin. Ta ce, "An hana ki shiga ta ƙofa. Ban ji wanda ya yi maganar ƙorama ba."

Sai ta ƙara, "Ni ban ce komai ba fa."

Alhamis, bayan la'asar

Mun je, ni da Bara'atu. Mun ce za mu ɗebo yashi, mun ɗauki tasoshi. Muka bi ƙorama sama har muka ga tulin. Dutse ne baƙi-baƙi, ya fi ɗakin Kaka tsawo, yana nan zaune tun kwanaki, mu muna can muna atant.

Babban maginan sunansa Malam Yakuba, siriri, ba haƙoran gaba, yana ɗaure waya da wani ɗan ƙarfe. Na yi niyyar magana tun daga gida, na shirya ta kamar ta cikin littafi. Da ya ɗago ya ce, "'Yan mata, lafiya?" sai maganar ta gudu. Bara'atu ce ta yi bayani, ni ina murza bakin mayafi.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri da Dandanci. Ya nuna mana yadda abin yake: ana buɗe ragar ta zama kamar akwati, a jera a gindin gaɓa, a cika da dutse, a ɗaure baki, a ɗora wani a kai. Gabiyo sunansa. Ruwa ya bi ta ciki ya wuce, ƙasa ta tsaya. Ya ce su da Seyni da amalanke za su iya kai manyan har inda yashi bai yi laushi ba, daga nan sai a kai. Ya ce kogi yana tasowa, gonakinsu na kira, in Asabar ta wuce ba hannuwa za su tafi, ragar kuma a kai wani wurin da ke jiranta, ba mu kaɗai ruwa ke ci ba.

Nan bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Kan mace yana yi?"

Ya ce, "Dutse bai san kan wa yake ba, ɗiyata."

A hanyar dawowa mun shiga gida-gida. Bara'atu ke magana, ni ina tsaye a bayanta. Amma a gidan Gwaggo Jumma, wadda mijinta ke kwance kusa da aduwa shi ma, da ta ce ai Zakariya'u ya ce a jira, ni na ce, "Gwaggo, bara ma an ce." Ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta fito da gammo.

Hadari ya haɗu da yamma, ya yi ta gurnani, bai zubo ba. Na ce masa ka yi haƙuri kai ma, kai kaɗai ne ban roƙa ba.

Juma'a, da almuru

Wuyana kamar ba nawa ba. Bik ɗin da nake rubutu da shi ma da ƙyar.

Mun fita da sassafe, maza sun tafi gona. Da farko ba mu da yawa. Kafin hantsi sai ga su suna saukowa ta kowace kwana, da tasa, da daro, da kwando, wata da murfin tukunya. Kaka ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno ta zauna a kan yashi tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Matan Tanda da suka hango mu daga gonakinsu suka sauko, suka shiga layi, suna waƙarsu da Dandanci. Wata ta kama haɓata ta juya fuskata, ta ce wani abu ga 'yar'uwarta, na ji sunan Inna a ciki. Na yi kamar dutse ne ya sa idona ruwa.

Seyni yana sauke kaya yana ihu, "A ba matata ƙarami, kada wuyan ya gajarce in fasa!" Na ce, "Wa zai auri mai warin shanu?" Da ƙarfi na faɗa. Mata suka yi shewa. Ni kaina na tsorata da muryata.

Ban ɗaga kai na dubi saman gaɓa ba. Ina ganin saiwoyi, ina ganin jar ƙasa, a nan idona ya tsaya.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a sai ga Baffa da babbar riga, da mutane a bayansa. Ya tsaya a saman gaɓa daga gefe, ya ce wa ya ba da izini. Ya ce mata a maƙabarta, abin da ba a taɓa yi ba. Ya ce a matsayinsa na wakilin mai unguwa kowace ta ajiye ta koma gida. Ya ce, "Ke Basira, har da ke? Ke da ko gaisuwa sai an sa kunne?"

Kowa ya tsaya. Dutsen yana kaina. Na dubi ƙafata. Sai na ga inda nake tsaye: na wuce tsakiyar yashi.

Na ce, "Baffa, nan Tanda ce."

Sai wata daga matan Tanda ta ce da Hausarta mai karkata, "Gaskiya ne, baƙuwarmu ce, mu ba mu kore ta ba!" Duk matan unguwarmu suka ja da baya taki-taki zuwa wancan gefen, da duwatsunsu a ka, suna dariya. Gwaggo Jumma ta ce, "Wakili, iyakarka tsakiyar yashi, kai ka faɗa muna da bakinka."

Na ɗauka zai fashe. Malam Yakuba ne ya hau wurinsa da ladabi, ya gaishe shi, ya ce bari a kira sakatare a gaya masa wakili ya iso. Ya buɗe muryar talho kowa na ji. Bawan Allah ya ɗauka da atishawa. Ya ce madalla, madalla, ai tun ran nan ya sanar, "atat" ta tabbata. Ko atant ɗin ma bai iya fitarwa ba. Ya ja hanci, ya ce a gaida "butaden udguwa", wai mutanen unguwa.

Har liman sai da ya rufe baki da hannun riga.

Kaka ta ɗaga murya daga kujerarta: "Zakari, ashe ba kunnenka ba ne, hancin wani ne. Sauko ka nuna masu yadda ake aiki." Uwa dai uwa ce, ta ba shi tsani. Ya tsaya jim, ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa wani, ya sauko yana cewa layin nan bai miƙe ba, wa ya jera shi haka. Bai dube ni ba. Ban damu ba. Dutse ya ɗauka.

Baba bai zo ba.

Asabar, kafin fita

Gabas ta yi baƙi tun asuba. Jeri na ƙasa ya kai gindin aduwa, na sama bai kai ba. Tafin hannuna ya fashe, Kaka ta shafa min man kaɗe ta ɗaure da tsumma. Ta ce in huta yau. Na ce in na mutu na huta. Ta ce in tofar da yawu. Na tofar, na ɗauki gammo.

Asabar, bayan magariba

Yau unguwa duka ta fito, maza sun bar gona. 'Yan Tanda sun ƙaro amalanke. Wani direban Bana da ya kawo sauran dutse ya ƙi komawa, ya cire takalmi ya shiga layi. Ba wanda ya ƙara tambayar ina ne tsakiyar yashi, ƙafafu sun tattake ta.

Wajen la'asar iska ta fara, mai sanyi, mai ƙamshin ruwa. Malam Yakuba yana ta "Maza! Maza!" Na zo da wani dutse mai faɗi, ya fi ƙarfina, Seyni ya ce in bari, na ƙi. Na isa gindin gaɓa inda saiwoyi suke, zan sauke a ragar da ke gabana, sai na ji murya daga sama.

"Ba nan ba."

Na ɗaga kai. Ban yi niyya ba, muryar ce ta ɗaga min shi.

Baba ne, tsaye a saman gaɓa, cikin maƙabarta, hannunsa ɗaya a jikin aduwa. Wandonsa jan laka har gwiwa. A gefensa na ga tarin ƙananan duwatsu da guntayen bulo an jera su a bakin gaɓa, jeri marar kyau, irin na wanda ɗinki ya iya ba gini ba. Wasu sun yi gansakuka. Ba na yau ba ne, ba na jiya ba.

Ya ce, "Matso gabas kaɗan. Ƙara. Nan."

Na tsaya.

Ya ce, "Kanta yana nan daidai. Ƙaramin yana gefenta."

Daga inda nake ina ganin ɗan tudun, da fasasshen tulu a kansa, da wata ciyawa mai farin fure. Ƙarami ne. Ban san me ya sa na ɗauka zai yi girma ba.

Baba ya zauna a bakin gaɓa, ya zuro ƙafafu, ya silalo ƙasa da lakarsa da komai, a gaban mutane. Ya kama dutsen ta gefe ɗaya. Bai karɓe shi ba, ya bar min gefena. Muka sa shi tare. Malam Yakuba ya zo ya ja waya ya ɗaure.

Baba ya ce, ba ni yake kallo ba, ragar yake kallo: "Da ma na ɗauke ta a kafaɗa na shiga ruwan."

Ban san abin da ake cewa ba. A littattafai akwai abin da ake cewa. Na ce, "Baba, saura wancan." Muka koma tulin.

Ɗigon farko ya same mu ana ɗaure ta ƙarshe.

Lahadi, da hantsi

Ruwa bai tsaya ba sai bayan asuba. Na ji ƙorama tana ruri kamar ran nan.

Baba ya fita. Na ji shi ya tsaya a zaure, bai buɗe ƙofa ba. Ya ce, "Basira, ɗauko mayafinki."

Mun bi ta gonar su Bara'atu muka tsaya a kan tudu daga gefe, inda ake hango gaɓa. Ruwan ya hau har rabin gabiyo, ja wur, yana dukan dutse yana komawa. Can ƙasa ya karya raga ɗaya ya baje ta, Baffa yana wurin tun da wuri yana nuna ta da sanda, yana cewa shi dama ya faɗa. A wancan gefen Seyni ne da shanunsa, ruwa ya raba mu, yana ɗaga hannu yana ihun abin da ba na ji. Na san dai abin da yake cewa. Ban ɓuya ba.

Aduwa tana tsaye.

Na gaida Inna daga nan, da ƙarfi, da sunan da nake kiranta. Baba ya ji. Bai hana ni ba.